Jan Biro

Ni ke riƙe da littafin albashi
a gidan burodin Alhaji Barmo, nan Ali Ɗan Sofo.
Suna goma sha ɗaya, layi goma sha ɗaya,
shekara shida jimla ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar da rediyo ya ce an ɗaga mafi ƙarancin albashi
Nomau na bakin tanda.
Ya saki faranti ya yi kabbara, fulawa har gira.
Jika talatin, in ji shi, ba ta ganin ashirin ga wata,
sauran kwana goman bashi ne da kunyar mai shago.
Gaskiya ya faɗa. Mai shagon ƙanen matata ne.

Da la'asar Alhaji ya kira ni cikin mota,
ya ɗaga gilashi, ya ce, Malam Ranau, buga mu gani.
Na buga.
Buhu ya hau, kuɗin wuta sun hau,
in muka ƙara dala biyar a kan burodi
masu shayi su juya mana ƙeya.
Ya ce, tukunya dai ta jiya ce,
ludayi kawai aka ƙara wa girma.
Ban ce uffan ba,
ina shaƙar ƙamshin sabuwar kujerar motar.
Shi ma bai yi ƙarya ba,
bai dai faɗi duka ba.

Takwas za su sha. Uku, a ja musu layi.

Tsahiru, don shi ya zo ƙarshe.
Cima mai shara, wai shara kowa ya iya.
Na ukun na daɗe a kansa:
Ɗan Ladi, da ya koya mini gane kwaɓi ya tashi
da dannawar yatsa ɗaya,
yanzu bayansa ba ya ɗaukar buhu.
Jan biro ba shi da nauyi,
amma daren nan hannun ya kasa kai loma.

Wata ya ƙare. Nomau ya ƙirga nasa sau biyu,
ya sallami ƙanen matata, ya auno tiya huɗu ta hatsi,
ya kai ɗiyarsa likita
kan tarin da aka bar wa Allah tun damina.
Wa ke da bakin ce masa ya mayar?
Mai tuwon ƙofarmu ma ta ce ciniki ya motsa,
har ta ɗauki mai wanke mata kwano.
Wannan ban san shafin da zan sa ta ba.

Sati uku, sai ga Tsahiru ta ƙofar baya,
bayan isha, lokacin da sufeton aiki ke barci.
Kwaɓin nan dai, tandar nan dai, zufar nan dai,
sai dai yanzu ɗan rana ne:
a biya shi da asuba a tafin hannu,
ba suna, ba sa hannu.
Na buga a kaina, ban kusanci takarda ba.
Bai kai na da ba.

Cima na suyar awara a bakin tasha.
Ɗan Ladi, an ce, ya koma Tibiri wajen ɗansa;
ban je ba, kullum sai in ce gobe.

Rabin garin nan ma ba su cikin littafin kowa:
'yan kabu-kabu, masu turin baro a Kadro,
masu jera fetur a kwalba.
Doka ta kafa rumfa mai kyau
a inda ba su zaune.

Jiya wani ɗan jami'a ya zo da takardar tambaya:
ƙarin nan, aiki ya ƙara ko ya rage?
Akwati biyu, wai in zaɓi ɗaya.
Na ce, tambayi Nomau da rana,
ka dawo ka tambayi Tsahiru da dare.
Ya yi dariya, ya rubuta: bai sani ba.

Na miƙa masa burodi guda, da ɗuminsa,
na gashin dare,
wanda a littafina ba wanda ya gasa.